Cusa-Ka-Huta

A shekarar da sojoji suka koma bariki, babu abin da ba a yi wa zaɓe ba a unguwar Gyaɗi-Gyaɗi ta Kano. Masu shayi sun zaɓi ciyaman, 'yan acaɓa sun zaɓi ciyaman da mataimakinsa, hatta 'yan dara na gindin dalbejiya sai da suka yi sakatare. Don haka ba wanda ya yi mamaki ranar da Hajiya Uwani ta taso daga Babban Giji, ta tara 'yan hayar gidanta mai ɗaki goma sha biyu, ta ce ta gaji da zuwa raba faɗan layin famfo.

"Tunda yayi ake yi, ku ma ku yi," in ji ta. "Ranar Asabar ta sama, bayan azahar, ku fitar min da shugaba. Ba takarda, ba akwati. Kowa ya tsaya a bayan wanda yake so, in ƙirga da idona. Wanda ya ci shi zai riƙe makullin famfo, kuma na ba shi ɗakin soro."

Da jin ɗakin soro, sai Lawan Injiniya, ɗaya daga 'yan hayar, ya gyara zama.

Ɗakin soro shi ne sarkin ɗakunan gidan: faɗi gare shi, ga siminti lafiyayye, ga taga mai kallon titi. Shi kuwa Lawan, ɗakinsa ne na ƙarshe, bango ɗaya da banɗaki. Matarsa Indo tela ce, shekara shida tana ɗinki cikin duhu tana roƙon taga, masu kawo mata ɗinki kuwa sai su tsaya daga nesa su miƙo atamfa, hannu ɗaya a hanci. Shekara shida shi ma yana ce mata ta ƙara haƙuri, wani babban aiki na nan tafe.

Injiniyancin nasa kuwa, shekara uku ya yi yana buɗe wa wasu Turawa masu aikin gini ƙofa. Da suka tafi sai suka bar masa hular kwano rawaya da tef ɗin awo. Tun daga ranar ba a ƙara yin zancen gada ko rijiya ko jirgin sama a gabansa bai ce "mu da muka yi aiki da Jamusawa" ba.

Kafin Hajiya ta gyara mayafi ya ɗaga hannu.

"Na fito takara."

"Ni ma na fito," in ji Malama Saratu, malamar firamare, 'yar Kudancin Kaduna da ke ɗaki na uku. "Abin da gidan nan ke buƙata jadawali ne. Wa ke shara yau, wa ke fara ɗiban ruwa gobe. Shi ke nan."

"Jadawali!" Lawan ya kwashe da dariya. "Malama, mu 'yan aji biyu ne? Jama'a na fama da layi, ke kina shirin jan layi a takarda! Ni layin zan kashe gaba ɗaya. Kafin Asabar ɗin zaɓe, kowa zai buɗe ƙofa ya ga famfo a bakin ɗakinsa. Wanda ya so ma ya yi alwala daga kan gado."

"Da wane ruwan?" in ji Audu ɗan acaɓa. "Yau kwana huɗu famfon ko tari bai yi ba."

"Ruwa na hukuma ne, bututu nawa ne. Kowa ya yi aikinsa."

Kwana biyu bayan nan sai ga shi a kan babur ɗin Audu, daga kasuwar Tarauni, ya rungumo kwali, bututun roba na jan ƙasa a bayansu kamar wutsiyar ɓauna. Wani abokinsa mai gwanjo ne ya tsinci kwalin a ƙasan kwantena, ya rasa ko mene ne a ciki, ya ce ya kwashe ya ba shi wuri. Lawan ya zazzage a tsakar gida. Wasu 'yan mahaɗan bututu ne na roba masu ruwan toka, wani miƙaƙƙe, wani mai gwiwa, wani mai baki uku.

"Ku matso ku ga ilimi," ya ce, ya ɗora hular kwano. "Wannan ba ya son gam. Ba ya son zare. Ba ya son sifana. Ka kama bututu, ka cusa, ka koma ka kwanta. Sunansa cusa-ka-huta."

"Da Jamusanci ke nan?" in ji Saratu.

"Fassara ce na yi miki, don kada ki wahala."

Ya aika aka karɓo wuƙar yankan albasa ta Indo, ya durƙusa, ya yi ta gurzar bututu har ya rabu biyu. Bakin ya fito a karkace, duk gatso-gatso, kamar ɓera ne ya yi aikin. Ya ɗauki mahaɗi, ya dubi jama'a, ya cusa.

Bai shiga ba.

Ya sake cusawa. Bututun ya shiga kamar rabin yatsa ya coge. Ya dafa da gwiwa, ya ciji leɓe, jijiyar wuyansa ta tashi. Hula ta gangaro ta rufe masa ido.

"An cusa," in ji Audu. "Saura hutun."

Lawan ya kawo tocila ya leƙa cikin wani mahaɗin. Daga baki akwai wasu 'yan haƙoran ƙarfe a jere, can bayansu kuma ga wani baƙin zoben roba ya yi zaune daram.

"Yawwa! Na kama shi!" Ya miƙe. "Ga mai tare hanya. Shingen bincike ne a cikin bututu. To mulkin soja ya wuce, ba sauran shinge. Indo, miƙo min tsinken kitso."

Baba Iliya, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa da ya yi ritaya, yana kan kujerarsa da rediyo a cinya. Ya rage murya.

"Lawan, ɗana, shekara talatin na yi ina kwance inji. Bature ba ya sa abu a banza. Wannan zoben, ina jin shi ke hana yoyo."

"Baba, ka taɓa sayen sabon takalmi?"

"Na taɓa."

"Takardar da ake cusawa a ciki, da ita kake yawo?"

"A'a."

"To ka gani. Wannan don hanya aka sa shi, kada gishirin teku ya shiga. Naku injin na zamanin gawayi ne, Baba. Wannan sabon ilimi ne."

Baba Iliya ya ƙara muryar rediyonsa.

Da tsinke Lawan ya yi ta ƙwaƙulo zobban ɗaya bayan ɗaya, yana jefawa a murfin kwano. Da ya sake cusa bututu, sai ya wuce sumul har ƙarshe, haƙoran suka ce ƙas. Ya miƙa wa Audu ɗaya gefen ya ce ya ja. Audu ya ja, ya tokare ƙafa ya ja, ko gezau. Tsakar gida ta ɗauki sowa. Har Saratu sai da ta ɗan gyara tsayuwa.

Ana cikin haka Hadiza matar Audu ta sunkuya ta ɗauki zobe ɗaya daga murfin kwano, ta ja shi, ya koma.

"Kai, wannan ai zai yi ɗaurin bakin kitso. Ya fi robar kasuwa ƙarfi."

Idon Lawan ya yi haske. Kafin la'asar ya bi ɗaki-ɗaki da murfin kwano yana sallama, yana raba wa mata zoben Jamus, kyautar ɗan takara, a tuna da shi ranar Asabar. Kafin magariba ba sauran ko ɗaya.

Mako guda gidan ya koma kamar saƙar gizo-gizo. Bututu ya bi bango, ya haye ƙofa, ya zagaye turmi, ya ratsa ta ƙarƙashin igiyar shanya. Wanda duk ya fito da sauri sai ya yi tuntuɓe, Lawan kuwa ya ce masa ci gaba ne, sai an saba. Tsohon famfon ƙarfe na tsakar gida, mai gidan kwado, wanda ake faɗa a kansa, ya kwance shi ya jefa kan rufi, ya cusa babban mahaɗi mai baki uku a madadinsa.

"To da me za a kashe ruwan in ya zo?" in ji Saratu.

"Kowa da kan famfonsa a ƙofa. Mulki ya koma hannun jama'a, Malama."

Abu ɗaya ya rage, gwaji, ga shi ruwa ya ƙi zuwa. Amma wannan bai dami Injiniya ba. Ya tura Audu can ƙarshen gida ya kara kunne a bakin bututu, shi kuma ya kafa baki a farkonsa.

"Audu! Kana ji na?"

"Ina jin ka!"

"Me na ce?"

"Ka ce Audu kana ji na!"

Lawan ya juyo ya buɗe hannuwa. "Kun gani? Magana ma ta wuce ba ta zube ba, balle ruwa da ya fi ta kauri."

"Injiniya," in ji Audu, yana dawowa, "ai ko ba bututu ina jin ka. Mutanen Ƙauyen Alu ma sun ji ka."

Ranar Juma'a da hantsi, maza sun fita nema, yara na hutun makaranta sun fita wasa, Indo ta fito zubar da ruwan wanke-wanke ta iske mijinta a bayan ɗakin soro da ƙusa da guduma, ya huda bango.

"Baban Sa'a, me kake yi a ɗakin mutane?"

"Ɗakinmu dai. Famfo nake sa miki a ciki, na musamman. Ba a fafe gora ranar tafiya."

"Ba a ci zaɓe ba ka fara shimfiɗa? Ga kwadon Hajiya a ƙofa. Kayanta ne a ciki."

Lawan ya kara ido a ramin. Buhuna ne jibge har kusan rufi, garin kwaki da Hajiya ta ajiye kafin ta sami mota.

"Gari ne kawai. Na toshe bakin bututun da murfinsa, in mun tare sai in sa kan famfo."

"Shi ma murfin ka cire masa zoben?"

"Tun da farko. Ni ba na aiki rabi-rabi."

Ya zura bututun ta ramin har sai da ya ji ya nutse tsakanin buhuna. Indo ta juya. Daga nan ta ajiye roba, ta goge hannu a zani, ta wuce ɗaki na uku ta yi sallama. Lawan bai kula ba, yana can yana auna faɗin taga da tef.

Asabar bayan azahar gida ya cika. Hajiya Uwani ta zauna a kujerar roba, jaka a cinya, makullin famfo a hannu. Maƙwabta sun leƙo kallon dimokuraɗiyya. Matan gida kowacce ta sha sabon kitso, masu zuwa coci gobe da masu zuwa biki. Lawan ya fito cikin babbar riga mai aiki, ya ɗora hular kwano a kai.

Hajiya ta waiga hagu, ta waiga dama.

"Kai Lawan, ina famfon da zan ba da makullinsa?"

"Ya yi ritaya, Hajiya. Yanzu zan yi bayani."

Saratu ta fara magana. Minti biyu ta yi, ta nuna jadawalinta a bayan kwali, ta koma gefe. Lawan ya hau kan turmi.

"Jama'ar gidan nan! Iyayena mata, 'yan'uwana maza! Shekara nawa kuna layi? Shekara nawa ana fasa muku bokiti? Ni da na yi aiki da Jamusawa, na rantse muku, daga yau ɗigon ruwa ɗaya ba zai ƙara zuba a ƙasa a gidan nan..."

Sai bututu ya yi tari.

Wanda ya zauna a Kano ya san wannan tarin. Bututun ya sake yi, ƙoƙ-ƙoƙ-ƙoƙ, sannan ya ja wani dogon numfashi. Bututun bango ya motsa kamar maciji ya ji rana.

"Allahu Akbar!" in ji Lawan. "Kun ji? Kwana goma sha shida bai zo ba, sai yau! Har ruwa ya zo zaɓe!"

Ya zo kuwa, da ƙarfin da ya tara na kwana goma sha shida. Mahaɗin farko ya yi fiii, ya fesa wa Hadiza a ƙeya. Na biyu ya amsa. Na uku, na huɗu, har zuwa ƙarshen gida, kowane mahaɗi ya buɗe laimar ruwa, wani sama, wani gefe, wani cikin tagar mutane. Kayan shanya suka jiƙe. Murhun gawayi ya yi cuu ya mutu da tukunya a kai. Jadawalin Saratu ya narke a hannunta. Abin mamaki, da aka murɗa kawunan famfon da ke bakin ƙofofi, ko ɗigo babu. Ruwan duk ya sauka a hanya.

"Kada kowa ya tsorata!" Lawan ya daka tsawa daga kan turmi. "Iska ce ke fita!"

"Iskar ce ta jiƙa min wando?" in ji Audu.

"Wankin ciki yake yi! Haka yake yi a Jamus, minti biyar ne!"

"A kashe!" in ji Hajiya, ta ɗora jaka a ka. "A kashe shi!"

"Da me, Hajiya?" in ji Saratu. "Mulki ya koma hannun jama'a."

Baba Iliya ya cusa rediyonsa cikin riga, ya tako a hankali cikin ruwa, ya tsaya a gaban turmi.

"Lawan, ina takardar takalmin?"

"Wace takarda, Baba?"

"Zobban. A mayar da su, in ba haka ba yau a kwalekwale za mu kwana."

Lawan ya dubi matan gida. Matan gida suka dube shi. Kowacce ta kai hannu ta dafe ɗankwalinta.

"Iyayena mata," ya ce, murya ta yi laushi, "kyautar nan da na ba ku, aronta nake so. Na ɗan lokaci."

"Kyauta ta koma aro?" in ji Hadiza. "Tun ba a rantsar da kai ba? Awa huɗu na yi a gaban makitsiya, wuyana har yanzu bai dawo daidai ba. Ba mai kwance min kai."

"Guda biyu kawai, na ƙeya, ba wanda zai gani."

Ya sauko daga turmi ya nufo ta da hannu a miƙe. Audu ya sha gabansa.

"Injiniya, ka taɓa bututu, ka taɓa bango, mun yi shiru. Ka taɓa kan matata ka ga yoyon gaske."

Saratu ce ta raba gardama. Ta zame ɗankwali, ta warware bakin kitso biyu, ta miƙa masa zobba.

"Au, Malama! Ashe ke ma kin karɓa?"

"Na karɓa mana. Kayanka naka ne, ƙuri'ata tawa ce. Ungo."

Lawan ya ruga wajen babban mahaɗin tsakar gida, uban yoyon duka, ya kama bututu zai zare. Ina! Haƙoran nan da aka yi wa sowa sun riƙe gam. Ya ja, ya murɗa, ya naɗe babbar riga, ya tokare ƙafa da bango.

"Ashe cusa-ka-huta bai da zare-ka-gyara," in ji Audu.

Baba Iliya ya sunkuya, ya lura da wani ɗan kewaye a bakin mahaɗin, ya danna shi da babban yatsa. Ba wanda ya gaya wa Lawan. Bututu ya saki lokaci guda, Injiniya ya tafi da baya taku uku, ya zauna daɓas a cikin kwata, hular kwano ta yi nata wuri tana juyi a kan ruwa. Ruwan kuwa da ya sami ƙofa a buɗe, sai ya miƙe tsaye ya fi rufin gida.

Ya taso yana ɗiga, ya ɗauki zobe na farko. Kwana da kwanaki zoben nan na shan man kitso, ya kumbura, ya yi santsi kamar kuɓewa. Ya matsa shi zai tura, sai zoben ya yi tsalle daga yatsunsa ya faɗi gaban kazar Hadiza. Kaza ta duba da ido ɗaya, ta haɗiye.

"A kama kazar nan!"

"A kan me?" in ji Hadiza. "Ita ma kyauta ta samu."

Na biyu da ƙyar ya zauna a gurbinsa, Baba Iliya na riƙe da mahaɗi, ruwa na dukan fuskokinsu. Lawan ya ce bismillahi, ya danna bututu da dukkan ƙarfinsa. Bakin nan mai gatso-gatso na wuƙar albasa ya bi ta kan zobe ya datse shi. Rabi ya fito ta gefe ya manne a goshin Baba Iliya.

Baba Iliya ya cire shi, ya duba, ya sa a aljihu, ya koma kujerarsa.

Ba yadda Lawan zai yi sai ya rungume mahaɗin da hannu biyu, ya danne da ƙirji. Ruwa ya sami hanya ta ƙarƙashin hammatarsa, ya fita baya a miƙe, fari tas, kaurin damtse.

To, ruwa ba ya ɓuya a Gyaɗi-Gyaɗi. Labari ya riga ya zaga layi cewa an ga ruwa a gidan Hajiya Uwani. Sai ga mutane da bokiti, da jarka, da baho, har da mai tukunyar suna. Su ma 'yan gida da suka ga ana shirin kwashe musu rabo, kowa ya ruga ɗaki ya fito da abin tara. Ina ruwan ya fi zuba? Bayan Lawan. Nan da nan layi ya miƙe daga bayansa har ƙofar gida, har titi.

Lawan ya waiga. Ya ƙara waigawa. Fuskarsa ta washe.

"Hajiya! Hajiya, ƙirga! Ga su nan a bayana! Wallahi har da waɗanda ba 'yan gida ba! Ƙirga kafin su watse!"

"Bokiti ba ya zaɓe," in ji Hajiya.

"Ke kika ce wanda aka tsaya a bayansa! Malama, ina naki layin? Ki amsa kin sha kaye, ba abin kunya ba ne!"

"Ɗaga hammata kaɗan, Ciyaman," in ji wata tsohuwa daga baya, "kana karkatar min da ruwa."

Yana cikin ɗaga hammatar ne aka ji ƙara daga soro. Wani irin nishi ne, kamar saniya za ta haihu. Kowa ya juya. Ƙofar ɗakin soro ta yi ciki, ta turo waje. Daga ƙarƙashinta wani farin ruwa mai kauri yana malalowa, ƙamshin tsami ya cika gida.

Hajiya ta miƙe a hankali. "Mene ne a ɗakina?"

Ƙofa ta sake nishi. Ƙusoshin kwado suka fito ɗaya bayan ɗaya, sannan ta buɗe bam! Garin kwaki, wanda ko a kofi ka jiƙa shi sai ya ninka, ya sha ruwan awa guda a ɗaki rufe. Buhuna sun fashe. Ya taho kamar tudu mai tafiya, ya cika soro, ya gangaro tsakar gida, ya binne takalman da aka tuɓe a bakin ƙofa. Can a tsakiyarsa ga bututun Injiniya a tsaye, da murfinsa, yana feshi ta ko'ina cikin nishaɗi.

Audu ya matso ya leƙa garin.

"Jama'a," in ji Audu, "wa ke da suga? Ni zan kawo gyaɗa."

Dariya ta ɓarke har titi. Hajiya kaɗai ba ta yi ba. Ta bi bututun da ido, daga cikin gari zuwa ramin bango, daga ramin bango zuwa tsakar gida, har ya dire a ƙirjin Lawan.

"Kai Lawan. Wa ya ba ka ɗakin da har ka ja masa ruwa?"

"Hajiya, shiri ne na miƙa mulki..."

"Garina fa?"

"Ai... dama jiƙa shi ake yi kafin a sha, Hajiya."

Sai da mata uku suka riƙe ta.

Indo ce ta ratso ta cikin mutane da tsohon tiyub na babur ɗin Audu a hannu. Ta wuce mijinta ba ta dube shi ba, ta je inda bututu ya shigo daga waje, ta lanƙwasa shi biyu, Saratu ta danne mata, ta naɗe shi tam da tiyub ta ƙulle. Laimomin ruwa suka sunkuya ɗaya bayan ɗaya, suka mutu. Masu bokiti suka yi tsaki suka watse.

"Dabarar da zan yi ke nan," in ji Lawan, "hannuna ne ba sarari."

Hajiya ta matse gefen mayafinta, ta koma kujera. "A ajiye bokiti. 'Yan gida kawai. A yi layi in tafi."

Lawan ya tsaya a dama, babbar riga ta manne masa kamar fatar kifi. Saratu ta tsaya a hagu, kitso biyu a warware. Aka yi ta wucewa. Baba Iliya ya wuce hagu. Audu da Hadiza suka wuce hagu. Lawan bai waiga ba, ya ƙura wa gaba ido kamar hoton fosta. Ko ba komai, ya san mutum ɗaya na nan.

"Indo," ya ce ƙasa-ƙasa, "matso kusa, kada a ce ba kowa."

"Ina nan, Baban Sa'a."

Muryar daga hagu ta fito. Ya juya. Ga Indo, ta biyu a layin Saratu.

"Indo! Ke ma? Don wa nake wannan wahalar? Ba don tagarki ba?"

"Tagar ce ta kawo ni nan. Mun gama magana da Malama tun jiya. Ita ɗakinta ya ishe ta, makulli take so da zaman lafiya. Kekena zai zauna a ɗakin soro, ni kuma in ɗinka wa 'yan ajinta kayan makaranta."

"Da sharaɗi ɗaya," in ji Saratu. "Malam Lawan ba zai shiga ɗakin da wani abu mai kama da kayan aiki ba. Ko tsinke."

"Yau dai zai shiga da shebur," in ji Hajiya, ta miƙa wa Saratu makullin. "Ya kwashe min shi tas, ya wanke, ya toshe ramin, ya hau rufi ya sauko da famfona. Maganar garina kuwa, gobe a gaban mai unguwa."

Har la'asar sakaliya Lawan na cikin ɗakin soro, wando naɗe, gari har gwiwa, yana cika baho yana miƙo wa masu awaki. Wasu 'yan dara da suka taso daga gindin dalbejiya suka tsaya a taga.

"Injiniya, yaya zaɓe? An ce ba ka sami ko ɗaya ba."

Lawan ya dogara da shebur, ya share gumi da gefen hannu.

"Ku ba ku san siyasa ba. Gwamnatin haɗin gwiwa muka kafa. Ku duba da idonku, wa ya fara shiga ofis?"

"Baban Sa'a," in ji Indo daga bakin ƙofa, "bar surutu. Fara kwashe gindin taga, nan keke zai zauna."

Lawan ya dubi 'yan dara, ya dubi gindin taga, ya gyara riƙon shebur.

"To, ranki ya daɗe."